Ku Tambayi Malama: Adon Harshe a Ajin Turanci

Wasiƙun da suka taru a kan teburina wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya. Jarrabawa ta ƙarato, kuma sunayen nan na adon harshe da ake haddacewa a darasin adabin Turanci sun hana 'ya'yanmu barci. Na tsamo biyar daga ciki na taƙaita su, sunayen masu su kuma na sakaya kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a aji biyar na sakandare. Na haddace ma'anar simili da metafo da fasonifikeshin da sauransu, har guda ashirin da biyar ina iya kawo su da ka. Amma duk sa'ad da aka ba mu waƙa aka ce mu yi sharhi, sai in ja layi a ƙarƙashin kowanne in rubuta sunansa. Malaminmu kuma sai ya ba ni maki kaɗan, ya rubuta a gefe da jan biro, "To sai me?" Don Allah ina laifina yake?

AMSA: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Haddar da kika yi ba ta faɗi ƙasa banza ba, malaminki kuma ba mugunta yake miki ba. Kin nuna masa kin gane abin da idonki ya gani. Shi kuwa so yake ki gaya masa aikin da abin ya yi a daidai wurin da marubuci ya ajiye shi. Sanin sunan guduma da zarto daban, haɗa kujera daban.

Mu fara da biyun da suka fi rikita ɗalibai. Simili shi ne abin da malaman Hausa ke kira kamantawa: a ɗauko abu biyu da ba jinsinsu ɗaya ba a jera su, a sa kalmar da ta haɗa su a fili. Mu "kamar" da "tamkar" da "sai ka ce" muke sawa, su kuma "like" da "as". Metafo kuwa siffantawa ce: a cire kalmar nan, a ce wannan shi ne wancan kai tsaye. In kika ce yaron nan kamar zaki yake, kin kamanta. In kika ce yaron nan zaki ne, kin siffanta. Ta farkon tana tuna wa mai sauraro cewa yaro daban zaki daban. Ta biyun ba ta ba shi wannan sararin, shi ya sa ta fi nauyi a kunne.

Kalmar metafo daga Girkanci take, ma'anarta a ɗauke abu daga nan a kai shi can. Aristotil ya yi magana a kanta a littafinsa na nazarin waƙa fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ya kuma ɗauke ta babbar baiwa ga mawaƙi, domin sai mai ido ne ke hango kama a tsakanin abubuwan da ba su yi kama ba. A 1936 wani masani ɗan Ingila, I. A. Richards, ya raba ta gida biyu: abin da ake magana a kansa, da abin da aka aro don a ɗauke maganar a kai. Wannan rabon zai yi miki amfani ƙwarai. Kullum ki tambayi kanki, me aka ɗebo daga zaki aka ɗora wa yaron nan? Tabbas ba wutsiya ba ce. Jarumtaka ce, ko ban tsoro, ko rashin tausayi? Abin da ke kewaye da jimlar ne zai gaya miki.

Ga misali daga waƙar da kusan kowane aji ke karantawa, ta William Wordsworth a kan furannin dafodil, wadda ta fara fitowa a 1807. Ya buɗe da cewa yana yawo shi kaɗai kamar gajimare a saman tuddai da kwazazzabai. Ke za ki ja layi ki rubuta simili, kuma kin yi daidai. To amma me ya sa gajimare? Gajimare ba shi da saiwa, ba shi da hanya, inda iska ta kaɗa shi nan ya nufa, kuma yana can sama nesa da mutane. Sai ga shi ya yi kiciɓis da furanni a bakin tafki, ya kira su taron jama'a, ya ce suna rawa suna kaɗa kai. Wannan shi ne fasonifikeshin, mu mutuntarwa muke cewa: a ba abin da ba mutum ba halin mutum. Ya ce ya ga dubu goma a kallo ɗaya, alhali ba wanda ya ƙirga. Wannan haifaboli ne, wato kambamawa. Yanzu ki haɗa su ki gani. Mutumin ya mai da kansa abu, ya mai da furanni mutane. Shi da ke da rai yana shawagi ba aboki, su da ke kafe a ƙasa suna cikin taro suna murna. A baitin ƙarshe, yana kwance shi kaɗai a ɗaki, ya tuno su, zuciyarsa ta shiga rawar. In kika rubuta wannan, kin amsa "to sai me" ɗin malaminki.

Haka a Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. Tun a shafukan farko an ce sunan Okonkwo, jarumin littafin, ya bazu kamar wutar daji a lokacin hunturu. Ɗalibi mai gaggawa zai ce ma'anarsa ya yi suna da sauri, ya wuce. Mai natsuwa zai tuna wutar daji ba ta zaɓen abin da za ta ci, kuma in ta gama toka take bari. Can gaba a littafin, sa'ad da ɗansa Nwoye ya bi masu mishan, Okonkwo yana zaune yana kallon wuta, ya tuna ana yi masa kirari da wuta mai ruri, sai ya ga ashe wuta toka take haifa. Kamantawar shafin farko ce ta dawo ta same shi.

Na taɓa koyar da wani yaro mai shiru-shiru wanda bai cika ɗaga hannu ba. Na ba su jawabin da Makbet ya yi, a wasan Shekisfiya mai wannan suna, bayan an gaya masa matarsa ta rasu. 'Yan ajin suka cika takardunsu da layuka da sunaye. Shi abu ɗaya tak ya ɗauka, inda Makbet ya siffanta rayuwa da ɗan wasan kwaikwayo da ke taƙama a dandamali na ɗan lokaci, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Rubutunsa ƙanana ne, a karkace, rabin shafi. Ya ce mutumin da ya kashe sarki don ya hau karaga yanzu ya gane sarautar tufafin aro ce. Ya ƙara da cewa wanda ke furta kalmomin nan shi ma ɗan wasa ne a kan dandamali, kuma nan da ɗan lokaci za a tashi kowa ya tafi gida. Na karanta sau biyu kafin in ɗora biro, kuma shi ya fi kowa maki a ranar.

Saboda haka ki riƙa yin jimla uku a kan kowane ado. Ta farko ki faɗi sunansa. Ta biyu ki faɗi abu biyun da aka haɗa. Ta uku ki faɗi abin da haɗin ya sa mai karatu ya gani ko ya ji a nan wurin. Ado uku da kika bi haka sun fi goma sha biyar da kika ja wa layi kawai.

TAMBAYA: Malama, ina gaisuwa. An ce mana aironi iri uku ne. Ni dai na san gatse, amma sauran biyun sun ƙi zama a kaina. Kuma in ruwa ya sauko ranar da na shirya tafiya, shi ma aironi ne?

AMSA: Ɗana, da ka san gatse ka riga ka ci kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya haɗa ukun duka shi ne giɓi: tsakanin abin da aka faɗa da abin da ake nufi, ko tsakanin abin da aka zata da abin da ya faru, ko tsakanin abin da mu muka sani da abin da mutumin cikin labari ya sani.

Na farko na baki ne. Yaro ya fasa kofi, uwa ta dube shi ta ce, "Sannu da aiki, ka kyauta." Ba yaron da zai ce na gode. A adabin Turanci babban misalinsa yana cikin wasan Shekisfiya na Juliyas Kaisar. Burutus da abokansa sun kashe Kaisar, suka ba Mak Antoni izinin yin jawabi a kan gawar bisa sharaɗin kada ya zarge su. Antoni ya cika sharaɗin a baki. Zai kawo wani alherin Kaisar, sai ya ce amma Burutus ya ce mai son mulki ne, Burutus kuwa mutum ne mai mutunci. Ya sake kawo wani, ya sake rufewa da kalmar nan. A karon farko jama'a sun ɗauke ta yabo. Kafin ya gama ta zama tuhuma, taron ya tashi neman makasan. Kalmar ba ta canza ba, abin da aka jibga a gefenta ne ya juya ta. In gatse ya zo da niyyar a ci wa mutum fuska, shi ne suke kira sakazim, mu mu ce baƙar magana ko izgili. In kuma aka ɗauki gatsen aka gina rubutu sukutum a kansa don a caccaki wani mugun hali na al'umma, ya zama sataya, ɗan'uwan zambo. A 1729 Jonathan Swift ya ga yadda talauci ya yi wa mutanen Ailan katutu masu mulki ba su damu ba, sai ya rubuta maƙala cikin muryar mai lissafi mai sanyin zuciya yana ba da shawarar talakawa su sayar wa attajirai jariransu a ci. Nufinsa mai karatu ya razana, ya tambayi kansa ko abin da ake yi wa mutanen nan ya yi nisa da haka.

Na biyu na yanayi ne, inda sakamako ya juyo ya zama kishiyar abin da aka nufa. A nan zan amsa maka maganar ruwa: a'a, wannan rashin sa'a ne kawai. Sai in akwai wata alaƙa da ta sa abin ya murɗe ya dawo kan mai shi. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Wanda ya haƙa don wani ya wayi gari shi ne a ciki, to ga aironin yanayi. Ba kullum yake zuwa da mugunta ba. Akwai gajeren labarin O. Henry, marubucin Amurka, na 1905, a kan wasu matalauta mata da miji. Matar ta sayar da dogon gashinta ta saya wa mijin sarƙar agogo. Mijin ya sayar da agogon da ya gada ya saya mata matazan gashi. Kowa ya rabu da abin da kyautar ɗan'uwansa ke bukata. Kyaututtukan sun tashi a banza, amma sun nuna abin da suka fi ƙarfin nunawa da a ce sun yi amfani.

Na uku shi na fi so in koyar, domin shi ne ke sa aji ya yi tsit. Mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba. A Romeo da Juliyet, mun ga Juliyet ta sha maganin da zai sa ta yi kamar matacciya na awa 42. Wasiƙar da za ta sanar da Romeo ba ta kai gare shi ba. Ya shiga kabarin, ya dube ta, har ya lura leɓɓanta da kumatunta ba su dusashe ba, ya yi mamakin yadda mutuwa ba ta taɓa kyanta ba. Ga gaskiya a gaban idonsa, ya faɗe ta da bakinsa, bai gane ba, ya sha guba. Duk shekarar da na karanta wannan wurin sai wani a bayan aji ya ce, "Kai, ka dakata mana!" Wannan ihun shi ne aikin adon, kuma shi za ka bayyana a takardarka. Dabarar tsohuwa ce. Sofokilis na Girka ya yi ta tun ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, inda sarki Edifus ya la'anci wanda ya kashe tsohon sarki ya rantse sai ya zaƙulo shi, alhali masu kallo sun san shi ne. Wannan labarin Ola Rotimi ya sake ginawa a The Gods Are Not to Blame. Haka duk sa'ad da Otelo, a wani wasan na Shekisfiya, ya kira hadiminsa Iyago mai gaskiya, mu da muka ji Iyago yana ƙulla makirci shi kaɗai sai gabanmu ya faɗi.

TAMBAYA: Malama, ni abokin aikinki ne, shekarata ta biyu ke nan ina koyar da adabi. Na yi bayanin ayambik fentamita har muryata ta dushe, yaran suna kallona kawai. Ta ina zan ɓullo?

AMSA: Malam, Allah ya ba da lada. Yaranka ba kurame ba ne, kunnensu wani abu daban ya saba aunawa. Rubutacciyar waƙar Hausa a kan tsawon gaɓa take tafiya, gajera da doguwa, bisa ma'aunin aruli da aka gado daga Larabci, wanda Khalil bin Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na takwas. Turanci kuwa nauyin murya yake ƙirgawa: a kowace kalma akwai gaɓar da ake dannawa da wadda ake wucewa a kanta da sauri. Mai jin Hausa yakan ba kowace gaɓa haƙƙinta daidai wa daida, sai kiɗan ya ɓace tun kafin a kai ga waƙar.

Don haka ka ajiye waƙar tukuna. Ka rubuta kalmomi masu gaɓa biyu a allo: "again", "today", "belong". Ka sa su faɗa suna buga benci a gaɓa ta biyu kaɗai, ti-TAM, ti-TAM. Sannan ka kawo "water" da "never", bugun ya koma gaɓar farko, TAM-ti. Ka nuna musu "record", wadda in suna ce bugun yana gaba, in aikatau ce ya koma baya. Sai sun yi kwana biyu suna wannan kafin ka gaya musu cewa ti-TAM ɗin nan shi ne ayam, ƙafa ɗaya ke nan, kuma in aka jera biyar a ɗango ɗaya, gaɓa goma, an sami fentamita. Sunan ya zo a ƙarshe, bayan hannu ya riga ya sani.

Daga nan sauran suna biyowa da sauƙi. In ɗangogin ba su da amsa-amo, shi ne bilank bas, wanda Shekisfiya ya rubuta yawancin wasanninsa da shi, Milton kuma ya rubuta Paradise Lost da shi a 1667. In ba kari ba amsa-amo, firi bas ke nan, irin na Walt Whitman a 1855. Soneti waƙa ce mai ɗango 14. Ta Italiya, wadda Fetrak ya shahara da ita, takwas ce da shida. Ta Shekisfiya, wanda aka buga guda 154 nasa a 1609, huɗu-huɗu ce sau uku sai biyu a ƙarshe, amsa-amonta ABAB CDCD EFEF GG. Ka yi musu bayanin haruffan nan a hankali, domin wanda ya saba da waƙar da ke riƙe amsa-amo ɗaya daga farko har ƙarshe yakan ɗauka mawaƙin ya kasa ne da ya ga ana canzawa. Ka kuma koya musu neman inda soneti ke juyawa. A ta 130, ɗango goma sha biyu mawaƙin yana rushe kamantawar da mawaƙa suka saba, yana cewa idanun masoyiyarsa ba su yi kama da rana ba, sai a biyun ƙarshe ya rantse ba ta gaza kowace mace da aka yi wa yabon ƙarya ba.

Ra'ayina, kada ka sa su auna waƙa sukutum ɗango bayan ɗango, wannan yana kashe musu sha'awa. Ka kai su inda kiɗan ya sauya. A Makbet, manya suna magana da ti-TAM biyar, amma mayun nan uku sukan zo da TAM-ti huɗu da amsa-amo, sai kunne ya ji waɗannan ba irinmu ba ne tun ba a gaya masa ba. Matar Makbet, wadda a farko take zuba magana a tsare bisa kari, da ta fara tafiya cikin barci tana wanke hannu sai maganarta ta koma zube, karin ya watse kamar yadda hankalinta ya watse.

Alitireshin kuwa ba zai ba ka wahala ba, karangiya ce, maimaita baƙi ɗaya a farkon kalmomi, kuma duk yaron da ya taɓa gwada "da ƙato da kwaɗo suka je ƙoto" ya san ta. Ka gaya musu tsohuwar waƙar Turanci, irin Beowulf mai ɗango fiye da 3,000, a kan karangiya aka gina ta ba a kan amsa-amo ba. Onomatofiya kuma kalmar da ke kwaikwayon sauti ce, mu da ke cewa ya faɗi tim, ƙofa ta rufu garam, ba za a koya mana ita ba.

TAMBAYA: Malama, mene ne bambancin filot da tim? In an tambaye ni tim sai in ba da labarin a taƙaice, a ce ban amsa ba.

AMSA: 'Yata, filot zubin labari ne, tim kuwa jigo. E. M. Forster ya ba da misali a 1927 da har yau ban ga wanda ya fi shi ba. In aka ce sarki ya mutu, daga baya sarauniya ta mutu, an jera abubuwa ne kawai. In aka ce sarki ya mutu, baƙin ciki ya kashe sarauniya, an sami zubi, domin dalili ya shigo. Jigo kuma shi ne abin da labarin ke cewa game da rayuwa. Kada ki ba da shi da kalma ɗaya. "Buri" ba jigon Makbet ba ne, batunsa ne. Jigon sai ya zama jimla: burin da ya tsallake iyaka yana cinye mai shi, kuma jinin da aka zubar yana kiran wani jinin. Sai ki kawo wurare biyu ko uku daga zubin su tsaya miki shaida. Ki kuma lura da abin da marubuci ya ajiye da wuri don ya yi aiki daga baya, wanda suke kira foshadowin. Anton Chekhov na Rasha ya shawarci marubuta cewa in an rataye bindiga a bango a farkon wasa, to lallai a harba ta kafin a tashi.

TAMBAYA: Malama, ni uba ne, aikina na lissafi ne da awo. 'Yata ta dawo tana cewa farin da suka sauka a littafin Achebe wai Turawa ne. Na ce fara dai fara ce. Anya ba ku malamai ne ke ƙirƙiro ma'anar da marubuci bai nufa ba?

AMSA: Ranka ya daɗe, na ji daɗin wannan tambaya, kuma shakkarka tana da tushe. Akan wuce gona da iri. Na sha ganin ɗalibi ya ce shuɗiyar ƙofa baƙin ciki take nufi, in tambaye shi ina shaida, ya ce haka ya ji. Ba na ba da maki a kan haka. Simbol, wato alamtarwa, abu ne na zahiri da ke cikin labari yana aikinsa na zahiri, kuma yana ɗauke da wata ma'ana a bayansa. Kafin in yarda abu alama ne, ina duba ko ya maimaitu, ko an ajiye shi a wuri mai nauyi, ko kuma littafin da kansa ya nuna shi da yatsa. Jini a Makbet ya cika sharuɗɗan: yana hannun Makbet daren kisan yana ganin ruwan teku ba zai wanke shi ba, yana kuma hannun matarsa a ƙarshe tana cewa duk turaren ƙasar Larabawa ba zai kawar da warinsa ba.

A maganar fara, 'yarka tana da gaskiya, kuma shaidar tana cikin littafin. A babi na 7 farin sun zo Umuofia, garin su Okonkwo. Da farko 'yan kaɗan ne suka iso, kamar 'yan leƙen asiri, sannan babban taron ya biyo ya rufe rana. Mutane suka yi ta murna. Farin suka sauka a kan komai, har manyan rassan bishiyoyi suka karye saboda nauyinsu. A wannan babin ne kuma aka zo wa Okonkwo da hukuncin kashe Ikemefuna, yaron da aka ba shi riƙo. Can a babi na 15, Obierika, abokin Okonkwo, ya kawo labarin yadda aka shafe garin Abame. Wani Bature ya iso shi kaɗai a kan keke, dattawa suka je wurin abin bautarsu, aka ce musu wasu suna tafe a baya, fara ne su, wannan na farkon an aiko shi ne ya duba ƙasa. Ka ga Achebe da hannunsa ya ƙulla zaren. Ko sunan littafin ma aro ne daga wata waƙar W. B. Yeats na Ailan da ya rubuta a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a kan duniyar da tsakiyarta ta kasa riƙe gefenta. Irin wannan aron suke kira alushin.

In kuma labarin gaba ɗayansa ne aka shimfiɗa a kan wani labarin, kowane abu da takwaransa, ya tashi daga alama ya zama aligori. Animal Farm na George Orwell, na 1945, wanda aka fassara da Hausa da sunan Gandun Dabbobi, shi ne misalin da ya fi kusa. Dabbobi sun kori manomi kamar yadda juyin 1917 ya kori sarkin Rasha, aladen da ya ƙwace mulki Stalin ne, wanda aka kora da karnuka kuma Trotsky. Can lissafin ɗaya-da-ɗaya ne, irin wanda ka saba da shi. Alama ba ta tsayuwa cak haka. Fara tana nan fara, mutanen Umuofia sun yi murna da ita da gaske, shi ya sa abin ke da ciwo in an kai babi na 15.

Ka karɓi littafin a hannunta yau da dare. Ka ce ta karanta maka saukar farin a babi na 7 da ƙarfi, kai kuma ka karanta mata maganar Obierika a babi na 15, sannan ka tambaye ta me take gani a rassan nan da suka karye.